Takardar Juyi Takwas

Malam Ladan mai makarantar allo ne a Bodinga, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ba ya son yawan magana kuma ba ya saurin sakin jiki da baƙo. Makarantar ya gada daga mahaifinsa, Malam Mijinyawa, wanda a zamaninsa babu wanda ya kai shi sanin hisabi, wato lissafin malamai, tun daga Bodinga har ƙauyukan Danchadi. Abin da tsohon ya bari bai wuce zaure ba, da gonar gero, da gafaka uku cike da takardu. Biyu daga ciki Ladan ya san su ciki da waje, fiƙihu ne da nahawu da waƙoƙin wa'azi. Ta ukun ta hatimai ce, wato zanen nan mai gidaje-gidaje da ake cikawa da lambobi, kowane layi ka haɗa ya ba ka adadi ɗaya. Kaɗan ya koya daga ciki, sauran kuwa mahaifinsa ya rasu bai buɗe masa ba.

A shekarar da aka yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula, gafakar nan ta uku ta zame masa abin damuwa. Kafin ruwan farko ya sauka, 'yan takara uku sun turo masa mutane, kowa yana neman hatimin nasara na Malam Mijinyawa, ya sallame su. A gefe guda kuma ga wasu matasa masu wa'azi da lasifika ranar kasuwa, waɗanda in suka sami takardar wani malami sai su ɗaga ta sama a gaban jama'a su ce ga tsibbu. Saboda haka ya ɗauke gafakar daga zaure ya mai da ita ɗakinsa.

Ana cikin haka, wata Alhamis bayan azahar, ranar da babu karatu, wani mutum ya tsai da babur a ƙofar gidan ya yi sallama. Siriri ne, zai yi shekara talatin da biyar, da biro biyu a aljihu da farin alli a bakin hannun rigarsa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Ya ce sunansa Bashiru, mutumin Yawuri ne, an turo shi koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Shagari. Ya ce kawunsa ya taɓa zama gaban Malam Mijinyawa na 'yan watanni, kuma shi ne ya ba shi labarin wata takarda da tsohon ya rubuta, mai gida takwas a tsaye takwas a kwance, wadda babu lamba ko ɗaya a cikinta sai haruffa.

Ladan ya san takardar. Ita ce ta ƙarshe a gafakar, kuma ko matarsa Altine bai taɓa gaya wa akwai ta ba. Ya tambayi sunan kawun, aka faɗa, bai tuna da kowa mai wannan suna ba.

"Mi kaka so da ita?" in ji shi.

"Gani kawai, Allah ya gafarta Malam. In an yarda, in kwafa."

Ladan ya ce takardun mahaifinsa suna da yawa, sai ya duba. Da baƙon ya tafi, ya daɗe zaune yana juya maganar. Ko dai wani ɗan takara ne ya ga masu manyan riguna sun kasa, ya turo mai biro. Ko kuma masu lasifika ne suka turo shi ya samo abin da za su ci mutuncin mamaci da shi. Bai ga hanya ta uku ba.

Sai ya shirya gwaji. Ya zana wani sanannen hatimi mai gida huɗu-huɗu, wanda kowane layinsa ke ba da talatin da huɗu, amma da gangan ya musanya lambobin gida biyu. Ya ce a ransa, mai neman laya zai karɓa ya naɗe ya yi godiya, mai neman abin tozarci kuma ranar kasuwa za a ji. Da Alhamis ta zagayo Bashiru ya dawo, ya miƙa masa. Mutumin ya duba takardar jim kaɗan, ya ɗago kai kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya yi godiya ya tafi. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, masu lasifika ba su ambaci kowa ba.

A Alhamis ta uku Bashiru ya zo da takardar a hannu. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce yana neman gafara, amma akwai gida biyu da suka yi musayar wuri, watakila wajen kwafa ne. Ya ce tun ranar ya gani, nauyin faɗa ne ya hana shi. Ya nuna su da ɗan yatsa, su ne kuwa.

Wannan bai kwantar wa Ladan da hankali ba, sai ma ya ƙara masa tsoro, don yanzu ya san ba da jahili yake yi ba. Ya ce wa Bashiru ya faɗa masa gaskiyar abin da zai yi da takarda marar lamba.

Bashiru ya gyara zama ya yi bayani mai tsawo. Ya ce ilmin da yake koyarwa, wanda 'yan boko ke kira aljabara, sunansa ma daga Larabci yake, jabru da muƙabala, kuma wani malami ne a Bagadaza ya tsara shi fiye da shekara dubu da ta wuce. A wancan zamani, da zance ake yin sa: a ce akwai wani abu da ba a sani ba, an ninka shi an ƙara masa kaza ya zama kaza, to nawa ne shi? Daga baya mutanen Turai suka gaji da doguwar magana, suka sa harafi a madadin abin da ba a sani ba. Aka yi ɗaruruwan shekaru ana farautar ɓoyayyen adadin nan, har aka ci karo da wasu tambayoyi da suka ƙi warwaruwa ta hanyar da aka saba. Sai wani saurayi a ƙasar Faransa, wanda shekara ashirin kawai ya yi a duniya, ya ce a dakata da neman adadin, a dubi yadda amsoshin ke musayar wuri da junansu. Daga nan ilmin ya sake kama. Aka rage tambayar nawa ne, aka koma tambayar, in ka yi wannan aiki sannan ka bi shi da wancan, wane aiki ka yi ke nan?

Ya ɗauki hatimin da ke gabansu ya juya shi sau ɗaya zuwa dama, ya ce har yanzu hatimi ne. Ya kife shi ya ɗaga wajen haske, ya ce haka ma. Tsakanin juyi da kifewa, da barin sa yadda yake, hanya takwas ce, babu ta tara. Ya ce abin da kawunsa ya kwatanta masa ya yi kama da jadawalin waɗannan takwas ɗin, irin wanda shi ya koya a jami'a, kuma yana so ya san ko tsohon ya kai ga wannan da kansa.

Ladan ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Maganar ta yi masa daɗin ji, kuma daɗin ne ya fi tayar masa da hankali. A lokacin man fetur ya fara wuya, gwamnati na ta kiran a tsuke bakin aljihu. Wa zai hau babur tun daga Shagari har sau uku saboda takardar da ba ta warkar da ciwo, ba ta kawo nasara, lissafin da ko nawa babu a cikinsa? Ya ce bai ga takardar ba tukuna.

Altine tana da ƙane a Shagari, Ɗanliti, tela ne mai shago kusa da ƙofar makarantar. Da ya zo gaishe su, Ladan ya ja shi gefe ya ce ya sa masa ido a kan malamin lissafin nan, ya ga da wa yake shiga da fita. Ya manta, ko kuma bai so ya tuna ba, cewa shagon Ɗanliti majalisa ce, abin da ya shiga da safe kafin la'asar ya kai tasha.

Bayan mako biyu Ɗanliti ya dawo da labari. Ya ce mutumin yana tsai da ɗalibai shida bayan an tashi, yana zana musu gidaje a allon bango. Yana da wani katako mai kusurwa huɗu da ya yi wa alamu, yana juya shi a gabansu yana kifewa, su kuma suna rubutawa. Wasiƙu na zuwa masa daga Zariya. An kuma gan shi sau ɗaya yana gaisawa da wani ɗan takara a bakin masallaci, har suka ɗan daɗe a tsaye.

Da Bashiru ya zo karo na huɗu, Ladan bai shimfiɗa masa tabarma ba. A tsaye ya ce masa takardar ba ta gani ba ce, kuma ya huta da wahalar hanya. Bashiru ya ce Allah ya huci zuciyar Malam in ya yi wani laifi bai sani ba. Ya tura babur ɗin har ya bar ƙofar gidan kafin ya tayar da shi.

Aka yi zaɓe. Damina ta yi gardama, gero ya ƙi cika rumbu. Shekara na ƙarewa soja suka karɓi mulki, aka kama waɗanda aka kama. Sabulu da madara da shinkafa suka koma sai an yi layi, layin ma da bulala a gefe. Bayan 'yan watanni aka shiga rage ma'aikata, ana tura kwamitoci makarantu da ofisoshi, kuma duk wanda ke jin haushin wani ya sami alƙalami.

Wata safiya Ɗanliti ya sauka daga mota a Bodinga, fuskarsa ba daɗi. Ya ce an rubuta takardar ƙorafi ba sa hannu, cewa Bashiru shi ne ɗan aiken da ke karɓo wa 'yan siyasar da aka tumɓuke layu daga Bodinga kowace Alhamis, kuma yana koya wa 'ya'yan mutane tsibbu a aji. An ambaci sunan Malam Ladan a ciki. Kwamiti zai zauna ranar Litinin, kuma an ce shi ma Ladan ya zo. Ɗanliti ya rantse ba shi ya rubuta ba. Ladan ya dube shi, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Da farko zarginsa ya koma kan Bashiru, ya ce watakila shi ya ba da sunansa don ya raba laifi biyu. Amma zancen Alhamis, da zancen layu, ya san bakin da suka fara fita, kuma bakinsa ne.

Ran Lahadi da hantsi ya bar karatu a hannun babban ɗalibinsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar. Ta yi ja saboda tsufa. A fuskarta gida sittin da huɗu, kowanne da harafi ɗaya, haruffa takwas ne ke ta maimaituwa. A bayanta ƙananan hatimai takwas masu gida uku-uku, kowanne da harafinsa a ka, alif, ba, jim, dal, har zuwa na takwas. A gefe mahaifinsa ya rubuta da ajami: na gaba da na baya ba su musaya. Shekara da shekaru Ladan ya ɗauka gargaɗi ne, cewa wanda ya karanta haruffan a juye wani abu zai same shi. Shi ya sa bai taɓa karanta su a bayyane ba.

Ya yanki kwalin sukari mai kusurwa huɗu, ya zana hatimin alif a fuska ɗaya, ya bi sawunsa a ɗaya fuskar. Ya juya shi sau ɗaya, ya ga hatimin ba. Ya sake juyawa, ya ga jim. Ya kife shi, wani daga cikin takwas ɗin ya fito. Sai ya juya sannan ya kife, ya nemi mahaɗar haruffan biyu a jadawalin, ya tarar da harafin abin da ke hannunsa zaune a gidan. Ya mai da kwalin yadda yake, wannan karon ya fara kifewa sannan ya juya. Wani hatimi daban ya fito. Ya duba jadawalin ta ɗaya ɓangaren, shi ma harafi daban ne a can.

Ya ajiye kwalin a cinyarsa. Uku sau biyar da biyar sau uku duk ɗaya ne, wannan kowa ya sani. Amma a nan wanda aka fara yi da wanda aka bi da shi ba su musaya, kuma abin da tsohon ke nufi ke nan, babu aljani babu asiri. Ya ci gaba da bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Altine ta kawo fura ta ajiye, ta dawo ta tarar bai taɓa ba. Kafin la'asar ya gama sittin da huɗu, bai sami kuskure ko ɗaya ba.

Ran Litinin ya shiga motar Shagari da takardar a cikin aljihun ƙirji. Kwamitin ya zauna a wani aji da aka kwashe wa benci. Mutum uku ne: shugaba mai tabarau, wani hafsan soja matashi da bai cika magana ba, da wani tsohon jami'in ilmi da ake kira Alhaji Musa. Bashiru na zaune a gefe, ya rame, katakonsa na kan tebur an manna masa lamba kamar kayan sata. Da ya ga Ladan ya miƙe ya gaishe shi, sannan ya kau da kai.

Shugaban ya tambayi Ladan ko ya san wannan mutum, da kuma laya nawa ya karɓa a hannunsa.

"Ranka shi daɗe, sau huɗu yaz zo gidana, ko ɗaya bai nemi laya ba," in ji Ladan. "Takarda yan nema, nih hana shi. Zancen ga da kuka ji kuwa, ni nif fara shi. Ni nis sa a bi sawunai, don ina zato nai. Zaton bai da tushe."

Ya fito da takardar da kwalin, ya nuna musu abin da ya yi jiya, juyi sannan kifewa, kifewa sannan juyi. Shugaban ya kalla ta saman tabarau ya ce ai duk mai tsibbu in an kama shi cewa yake lissafi ne. Hafsan ya tambaya, in lissafi ne, ina lambobin. Alhaji Musa ne ya jawo takardar gabansa ya daɗe yana dubawa, ya sa aka kawo littafin da Bashiru ke koyarwa da shi, ya buɗe wani shafi mai jadawali, ya jera su. Haruffan sun bambanta, na boko da na Larabci, jerin ma ba ɗaya ba ne, amma da ya bi gida biyar ko shida yana kwatantawa sai ya ce abu ɗaya ne.

Duk wannan lokaci Bashiru na zaune inda yake. Idonsa na kan takardar, wadda sai yau ya fara ganin ta, daga nesa kuma.

Aka fitar da su waje, aka yi shawara ta kusan awa ɗaya. Hukuncin da ya fito shi ne ba a kori Bashiru ba, amma tunda zance ya riga ya yaɗu a gari, an mai da shi wata makaranta can bakin iyaka, ya tashi cikin mako guda. Takardar kuma da katakon za su zauna cikin fayil a matsayin shaida, har a rufe bincike. Ladan ya koma ciki ya roƙa, ya ce rubutun mahaifinsa ne, babu wani kwafi. Aka ce ya yi haƙuri, za a mayar masa.

Ya fito ya tarar da Bashiru a gindin dalbejiya kusa da babur ɗinsa. Ya nemi gafararsa, kalmomin suka yi masa nauyi, bai iya tsawaita su ba. Bashiru ya ce ya yafe, amma bai ce babu komai ba. Can ya tambaya ko kwalin yana nan. Yana nan, don kwamiti bai ga amfaninsa ba. Ladan kuma ya haddace jerin ƙananan hatiman takwas tun jiya.

Suka zauna a kan saiwar bishiyar. Bashiru ya yago takarda biyu daga littafin rubutu, Ladan na juya kwali yana faɗin harafi, kowa na cika nasa jadawalin, ɗaya da biro ɗaya da fensir. Mutanen da ke shagon Ɗanliti suka fito bakin hanya suna kallonsu, wasu na magana ƙasa-ƙasa. Ladan ya gan su, ya juya musu baya. Kafin a kira la'asar gidaje sittin da huɗu sun cika a takardun biyu. Bashiru ya tambaye shi ko ya san a ina tsohon ya samo wannan, wajen wani malami ne ko shi ya gano da kansa. Ladan ya ce bai sani ba, kuma waɗanda za su sani duk sun rasu.

Bashiru ya tashi ranar Asabar, kayansa a bayan wata motar albasa. Ba su sake haɗuwa ba, sai dai gaisuwa da takan iso ta bakin matafiya.

Sau biyu Ladan ya je ofishin ilmi a Sakkwato neman takardar mahaifinsa. Na farko aka ce mai riƙe da makulli ba ya nan. Na biyu aka ce kwamitin ya watse, ba a san inda fayilolinsa suke ba. Wanda ya rubuta ƙorafin bai taɓa bayyana ba. Wani lokaci Ladan yakan ce a ransa Ɗanliti ne, wani lokaci ya ce wani malamin makarantar ne mai son kujerar Bashiru. Yakan kuma tuna yadda Alhaji Musa ya daɗe yana shafa gefen takardar da yatsa kafin a sa ta a fayil, sai ya yi istigfari ya kori tunanin, bayan kwana biyu ya dawo masa. Bai sake zuwa Sakkwato a kan maganar ba.